Rasuwar Bel ɗin Bayan Akawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da ya ci amanarsa ya yi sauƙi, Akawu na hawa na uku yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bel ɗin bayansa, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi, bayan shekara bakwai a bakin aiki.

Ciwo na gaskiya ne ya haɗa su, ciwon zaman kujerar ofis, wannan ba mai musu. Amma marigayin ya wuce abin da aka sayo shi dominsa. Mai rufin asiri ne. A zamaninsa Akawu bai taɓa ɗaukar tukunyar gas ba, bai kinkimi jarkar ruwa ba, ko gado bai taɓa turawa an share ƙarƙashi ba. Da maiɗakinsa ta ce gas ya ƙare, sai a jiyo muryar marigayin daga ɗaki, "ɓaraaat!", ana ɓalle shi ana ƙara tamkewa. Ita kuwa ta yafa mayafinta ta sauka matakala arba'in da biyu.

Jinyar marigayin ta fara ne ranar da likitar gashin ƙashi ta ce bel ba ya warkar da baya, motsa jiki ake yi, ta tura Akawu ajin yoga. Ya je ne kawai don ya dawo ya ba da labarin shirme: ƙato da gemunsa ya durƙusa yana gantsarewa kamar kyanwa. Abin takaici, shirmen ya yi aiki. Mako goma sha biyu, ciwo ya lafa, tumbi ya saɓe. Akawu bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da "wash" ɗinsa safe da yamma, marigayin kuwa kullum sai ƙara sakwarkwacewa yake yi a ƙugu.

Ranar da abin ya faru, rimot ɗin talabijin ne ya shige ƙarƙashin doguwar kujera. Akawu ya zaci shi kaɗai ne a falo, ya sunkuya ya ɗaga kujerar da hannu ɗaya. Marigayin ya sulale ya faɗi a idon sawu, ko kalmar ban kwana bai yi ba. Maiɗakin tana bakin ƙofa da tukunyar gas, tana haki. Ta dire ta a hankali.

"Sannu, Malam," ta ce. "Ashe mun samu lafiya."

Marigayin ya bar rabin kwalbar man zafi, da matashi biyu, da sandar da ba a taɓa dogara ta ba sai in an yi baƙi, da maraya guda, wato "wash", wanda yanzu ba mai kula shi.

Ba za a kai shi ko'ina ba. Maiɗakin ta ɗaura gawarsa a jikin tukunyar gas, don Akawu ya samu wurin riƙo. Zai karɓi gaisuwa a kan matakala gobe da safe, tsakanin hawa na ɗaya da na uku, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya kama masa.

Masu son yi wa maiɗakin gaisuwa su wuce falo. Za su same ta kwance a shimfiɗar yogarsa. Shekara biyar ke nan bayanta yana ciwo, ba wanda ya taɓa tambaya.