Garkuwan Mata Ya Ara Mana Maƙogwaro

An hana ƙanwata karanta waƙarta a ɗakin karatun unguwarmu ranar Asabar. Wanda ya hana ta kuwa shugaban ƙungiyar marubuta ne, mutumin da ya naɗa kansa Garkuwan Mata, har ya sa aka buga masa sarautar a jikin kofin shayinsa.

Allah ya ja zamanin Garkuwa. Babu mai ƙaunar 'yancin mace kamarsa. Tsabar ƙauna ma ba ya barin mu ɗauki 'yancin da hannunmu, kada ya yi mana nauyi.

Waƙar a kan tabon tiyatar haihuwa ce, tabon da ƙanwata ta daɗe ba ta iya kallonsa ko a madubi. Da ƙyar na lallashe ta ta fito. Tana miƙewa ya zare takardar daga hannunta.

"Zauna ki huta, 'yata," in ji shi. "Muryar mace ta sha danniya. Yau ni zan ara mata maƙogwaro."

Sai dai Garkuwa mutum ne mai kunya. Ƙa'idarsa, duk inda aka ambaci jikin mace, sai ya yi tari ya tsallake. Ciki, tari. Cinya, tari har da kaki. Da ya iso kan nono sai da ya dafa tebur. Ko gwiwar hannu bai ƙyale ba, wai rigakafi. Wata tsohuwa a layin gaba ta toshe hanci da mayafi, mai gadi ya bi tagogi yana buɗewa.

Ya gama, ya share ƙwalla, ya shiga sharhi: "Kun ji zurfi? Yankan da baiwar Allah ke nufi ba na fata ba ne. Na tattalin arziki ne."

Ƙanwata ta ce, "Baba, cikina fa aka yanka."

"Haka kike zato. Mawaƙi ba ya sanin abin da ya rubuta, shi ya sa Allah ya yi irinmu."

Aka tafa masa. Furen da aka tanadar wa marubuciya ma shi ya karɓa, a madadin matan duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa muna isa gida ta ce ta bar rubutu ke nan.

To, ku 'yan kwamitin ɗakin karatu da kuka tafa, ku saurare ni. Asabar mai zuwa zan kawo ta ko da goyo ne. Ku miƙa mata lasifika a hannunta, ta kira cikinta da sunansa. Shi kuma ku ajiye masa kujera a layin baya, kusa da tawa. Ni zan kula da shi.