Rasuwar Gogo, Motar Dogo Mai Lamba Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da baƙin mai ya ƙi barin su, ni Mehluli Tshuma nake sanar da rasuwar Gogo, motar dogo mai lamba bakwai, tarago guda mai injin kanta, wadda ta shekara talatin tana jigilar mutane a layin garin Gwanda. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a rumfar baya ta gidan adana tsofaffin jiragen ƙasa, bayan jinyar shekara goma sha huɗu a hannunmu, mu 'yan sa-kai masu zuwa duk Asabar.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki malaman makaranta, ta ɗauki awaki, ba ta taɓa nuna bambanci ba. In za ta tashi sai ta yi tari sau biyu, "kuf, kuf," sannan ta kama "gidi-gidi-gidi."

Ba tsufa ne ya kashe ta ba, mu ne. A shekarar farko muna neman inda za mu rataya injinta mu ciro shi, sai muka tumɓuke ƙarafan dogon da ke bakin rumfar, muka yayyanka, muka yi musu walda. Mai waldarmu, Dumezweni, ya ce, "Haba jama'a, in ta warke ai sai mu mayar." Duk muka gyaɗa kai kamar masu hankali.

Ranar da ta warke, tsohon direbanta Baba Hlabangana, mai shekara tamanin da uku, ya sa hularsa ta aiki ya hau. Shi ne na rantse wa ba zan bar rumfar nan ba sai ya fitar da ita rana da hannunsa. Ta yi tarinta biyu, ta gangara taku shida, dogo ya ƙare. Hancinta a rana, sauran jiki a inuwa. Na ce, "Baba, kashe ta, ta yi zafi." Ya ce, "Ɗana, rufa mini baki, hanya take kallo." Bai kashe ba har ta yi "ƙwas!" ta yi shiru. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ta rasu ta bar taragai biyu marasa ƙafa, da kwalin kusoshin da ba mu san inda suka fito ba, da matata MaNdiweni, wadda ta ji labari ta tuƙa isitshwala, tuwon masararmu, da nama, ta ce, "Baban Thando, yau Asabar ta dawo gida." Ni ma, Allah ya yafe mini, na ji sakayau. Na gaji ƙwarai.

Gawa ba ta fita, don haka za a yi jana'iza inda take, Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe. Na so a zo da furanni. Baba Hlabangana ya ce suma ta yi, ya kuma tuna mini rantsuwata a gaban mutane. Saboda haka duk mai zuwa ya taho da sifana. Wanda zai bi ta gidana kuwa, don Allah ya gaya wa MaNdiweni Asabar ta koma rumfa, ni ba zan iya ba.