Allon Shagon Hajiya Ladi

Ban taɓa shan wuyar kafa allo irin na shagon ɗinkin Hajiya Ladi ba. Ta ce in aikin ya yi kyau, ni zan yi mata kantocin shagon gaba ɗaya. Na tsufa ina kafinta a Kazaure, allo ne zai gagare ni?

Sai ga shi an kawo daga Kano. Haruffan sirara, kowanne da 'yar jela, duk sun kwanta gefen dama kamar yunwa ta kayar da su. Wai gayu ke nan. Ni dai na ce mai bugawar ne bai san aikinsa ba.

Ban tambayi kowa ba. Na yi ta ɗaga gefen dama har haruffan suka miƙe tsaye, na danna ƙusa, na sauko ina jiran yabo.

Hajiya ta iso da ƙawayenta.

"Malam, iska aka yi?"

"Gyara miki na yi, Hajiya. A kwance suka zo."

"Ai haka na ce a yi su!"

Kantoci dai wani ta ba. Washegari da safe na ɗauki tsani na je na daidaita allon, masu acaɓa suna ihu: "Baba, ƙara ɗagawa!" Har yau sai sun karkata kai suke gaishe ni.