Rasuwar Lofen Malam Othniel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙirji mai nauyin da ba duka na baƙin ciki ba ne, ni Othniel Mshelia, malamin firamare mai ritaya, mazaunin unguwar Galtimari a Maiduguri, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar lofena, wanda na sha taba da shi tun ina saurayi. Ya rasu da safiyar ranar Talata a barandar gidanmu, a gaban idona, sakamakon faɗuwa daga hannuna.

Ban san garin da aka ƙera marigayin ba. Na same shi ne a Kasuwar Litinin, a rumfar wani matashi mai suna Ajimi, mai sayar da ganyen taba da kanwa, a shekarar da aka fara tura ni koyarwa Khaddamari. Sigari na je nema. Ajimi ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai dace malamin makaranta ya riƙa shan takarda ba. Ya ciro lofen daga ƙarƙashin buhu, ya ce fatake ne suka zo da shi daga wajen Chadi. Kansa na baƙin yumɓu ne, bututunsa na icce, da zoben tagulla a mahaɗarsu. A nan rumfar ya koya mini yadda ake murza ganye a tafin hannu, a cika kan ba tare da an danne shi da yawa ba, don wuta ta samu hanyar numfashi. Ranar na koma gida da abokai biyu.

Marigayin mai haƙuri ne, kuma ba ya son gaggawa. Wanda ya zo masa a fusace ba ya samun komai sai ɗaci, dole ka zauna, ka share shi, ka cika shi, ka ƙyasta ashana, kafin ka gama duk wannan rabin fushin ya tafi. Ba shi da yawan magana. Idan ya jiƙe yakan yi kur-kur-kur a hankali, idan an gama kuma a buga shi a ƙafar kujera ya ce ƙwas-ƙwas. Matata Salomi takan ce wannan ƙwas-ƙwas ɗin ne ƙararrawar gidanmu, da ta ji shi ta san lokacin kawo abinci ya yi. Saboda shi ba a taɓa zaɓe na dattijon ikilisiya ba, ko da yake na daɗe ina koyar da ajin baftisma. Fasto bayan fasto sun zo sun zauna a barandar nan sun yi mini nasiha, na saurare su da ladabi, suna fita na kunna. Ban riƙe kowa a zuciya ba.

A shekarun tashin hankali, lokacin da ake rufe gari da rana tsaka, mu zauna a gida muna jin ƙara daga nesa muna ƙoƙarin gane unguwar da ta fito, marigayin ne ke hana ni nuna tsoro a gaban yara. Da aka rufe kasuwa, Ajimi da kansa yake takowa da ƙafa, ganyen taba ƙunshe cikin hularsa, ya wuce shingen sojoji hannu a sama, ya kawo mini. Mu zauna, shi da nasa lofen ni da nawa. In lokacin salla ya yi, Salomi ta kawo masa buta da tabarma. Shekarar ambaliya kuwa, da ruwa ya shigo unguwa har ƙirji, Salomi ta ɗora takardun makarantar yara a ka, ni na ɗora lofe. Har yau ba ta daina faɗa wa mutane ba.

Ba zai yiwu a ba da labarin rasuwar marigayin ba tare da an ambaci ta Ajimi ba, domin shi ya riga mu. Tarinsa ya fara ne bayan ambaliyar, yana cewa laima ce da warin hatsin da ya ruɓe a kasuwa. Muka yarda, don mun so mu yarda. Sai ya fara ramewa, babbar rigarsa ta koma kamar ta aro. Aka kwantar da shi a asibiti, aka sa masa roba a hanci, wani inji a gefen gado yana huci ba tsayawa. Daga baya aka ce a kai shi gida.

Na je duba shi a gida wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Matarsa Ya Kaltum ta shigar da ni ɗakin. Ya ɗaga ido ya ce wushe, wato sannu da Barbarci, da muryar da sai na sunkuya na ji ta. Ya roƙe ni in kunna lofe a kusa da shi, ba don ya sha ba, ƙamshin kawai yake so. Ya Kaltum ta ce sam, likita ya hana. Ya yi ta kallon ta har ta juya ta fita ta ja labule. Na kunna. A zuƙa ta farko tari ya kama ni, irin wanda na saba yi ban ɗauke shi komai ba. Ajimi ya saurara har na gama, sannan ya kama hannun rigata.

“Malam, wannan tarin na san shi. Haka nawa ya fara.”

Na ce masa sanyi ne. Ya rufe ido kawai. Kafin wata Lahadin an kai shi makwancinsa, na tsaya a bayan sahu har aka gama salla.

Lofena bai yi doguwar jinya ba. A ranar da zai rasu na tashi lafiya, na sha shayi, na fito baranda na cika shi daga cikin ragowar ganyen da Ajimi ya ba ni na ƙarshe. Ya kama wuta da kyau, har ya yi kur-kur ɗinsa. Sai tarin ya zo. Wannan karon daga can ƙasa ya taso, ya naɗe ni biyu, idona ya yi duhu, ban san lokacin da yatsuna suka saki ba. Na ji ƙwal a kan siminti. Da numfashina ya dawo na duƙa in tsince shi, na ga kan ya rabu, garwashin yana ta hayaƙi shi kaɗai a ƙasa. A gefensa kuma akwai abin da ya fito daga bakina, kuma ja ne.

Salomi ta fito da tsintsiya don ta ji ƙarar. Ta dubi lofen, ta dubi abin da ke gefensa, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ta faɗa mini shekara da shekaru. Ta ɗebo yashi ta rufe wurin, ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a gwangwanin madara, ta ajiye a kan taga. Sannan ta shiga ɗaki ta kira 'yarmu Peace, wadda ke aiki a wani kantin magani, na ji tana ce mata ta nemo keke mai ƙafa uku ta zo yanzu.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina. Likitan matashi ne mai natsuwa. Ya ɗaga hoton ta wajen taga, ya daɗe yana kallo, ya nuna mana wani wuri a ɓangaren dama mai kama da gajimare. Ya tambaye ni tun yaushe nake shan taba, na ce tun kafin a haife shi. Bai yi dariya ba. Ya ce ba zai kira abin da wani suna ba tukuna, sai an ɗebi ɗan abu an kai ɗakin gwaji. Aka ɗiba. Ya ce daga yau ni da taba mun rabu. Na ce masa ai ta riga ta rabu da ni da safe.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna su. Hannuna ya riƙa zuwa aljihu shi kaɗai. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Na daka wa Salomi tsawa a kan gishiri, matar da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Wata rana da hantsi na ce zan je aski, na zarce teburin mai shayi na sayi karan sigari, abin da Ajimi ya raba ni da shi tun muna samari. Ina tsaye a bayan wani kango ina sha, sai ga Peace a cikin keke za ta wurin aiki. Muka haɗa ido. Ba ta sa an tsaya ba.

Da yamma ta zo gida da wani ɗan kwali. A ciki akwai wani abu kamar biro mai kauri, wanda ta ce sigarin lantarki ne, samari na kiran sa shishar aljihu. Ta ajiye shi a kan cinyata, ta durƙusa a gabana kamar yadda take yi tana ƙarama in za ta roƙi wani abu.

“Baba, wannan ba magani ba ne, kada ka ɗauka magani na kawo maka. Likita ma ba zai so ba. Amma ba zan iya sake ganin ka a bayan kango ba.”

Gaskiyarta, da muka gaya wa likita girgiza kai ya yi, ya ce shi dai da son samu ne a bar duka biyun, ƙirjin nan ba ya bukatar baƙo ko wane iri ne. Na yi masa alkawari zan rage har in daina, kuma ina ragewa.

Wannan shi ne magajin marigayin, kuma ba zan zage shi ba, don ya hana ni komawa teburin mai shayi. Sai dai ba jininsu ɗaya ba. Ba a murza masa ganye, ba a ƙyasta masa ashana, ba ya jiran kowa. Ƙamshin mangwaro yake yi, ni da ko alewa ba na sha. Ana yi masa caji tare da waya, in babu wuta sai an kai shi gidan maƙwabcinmu Inuwa mai sola. Yana da ɗan ido shuɗi da ke haskawa in an zuƙa, ya koma ja in ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi damuna shi ne muryarsa. Ba ya kur-kur, huci yake yi, siriri, mai tsawo. Na daɗe ina tunanin inda na taɓa jin wannan hucin kafin na tuna injin da ke gefen gadon Ajimi.

Salomi ma ba ta saba da shi ba. Ta yi rabin rayuwarta tana ƙorafin warin taba a labule da zanin gado, yanzu ta wanke komai warin ya fita, gidan ya zama kamar na wasu. Na lura tana yawan leƙowa baranda, ta dube ni ta koma. Da na tambaye ta, ta ce da can tana daga kicin ta san ina nan, hanci ke gaya mata, kunne ya tabbatar.

“Yanzu in na ji shiru, Baban Peace, sai na zo na gani da idona.”

Marigayin ya rasu ya bar jakar fata ta ganyen taba wadda har yanzu da ɗan saura a cikinta, da tsinken ƙarfen da ake share shi, da kwalin ashana, da kujerar katako mai tabon ƙuna a hannun dama. Ya bar zoben tagullarsa, wanda bai karye ba, Peace ta ce ita za ta riƙe. Ya kuma bar maigidansa, wanda ba ya iya zuwa bakin titi sai ya tsaya ya huta, ya kuma bar wani abu a ƙirjin maigidan da ba a riga an raɗa wa suna ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da la'asar, a gindin dogonyaron da ke bayan gidanmu. Da farko mun sa ta ƙarshen wata, don Ya Kaltum ta fita takaba ta samu zuwa, amma an kira Peace daga asibiti an ce sakamako ya fito, mu je ranar Litinin, kuma mu zo da wanda zai zauna jinyata da kayan sawa. Shi ya sa muka matso da ita. Na gwada haƙa ramin da kaina jiya, ɗan ƙarami ne, amma na kasa gamawa, don haka Inuwa zai ƙarasa. Za a binne marigayin a cikin gwangwanin madarar, tare da jakarsa da ragowar ganyen. Ba za a kunna komai a wurin ba, na wuta ko na lantarki. Masu zuwa ta'aziyya za su samu shayi, kuma ana roƙon su kada su tambaye ni ya jiki.

Na so a rera waƙa ko baiti ɗaya ne, cikin waɗanda muke yi a coci in an yi rashi. Salomi ta ce a'a. Ta ce katangarmu gajeriya ce, unguwa duk ta san mun je asibiti, ba ta so maƙwabta su ji waƙar jana'iza daga gidanmu su rugo da gudu.