Garin Kunun Ummi

Da 'yata Ummi ta isa fara cin abinci, ni da bakina na hana a sayo na gwangwani. Na ce wa mamanta, "Kunun gida ne ya raine ni, kuma dubi ƙirjina."

Na soya gero da waken suya da gyaɗa, zan kai inji a nan Malali. Maman Ummi ta ce in tabbatar an kakkaɓe injin tukuna. Na ce ba yau na fara niƙa ba, alhali ranar ce ta farko.

Mai inji ya ce, "Alhaji, a zuba haka?" Na ce zuba, sauri nake. Ashe barkono ya gama niƙawa. Atishawar da nake ta yi ma, ƙura na ɗora wa laifin.

Na dama kunu, har na gayyato surukata Hajiya ta shaida. Allah ya taimake ni ita ta fara ɗanɗanawa kafin a ba Ummi. Hawaye na zubo mata, ta dubi 'yarta: "Tambayar mini shi, yaye za a yi ko tsire?"

Ummi tana firamare yanzu. Amma duk ranar da aka ajiye mana dambu a gidan Hajiya, sai Hajiyar ta ɗaga murya ta ce wa 'yarta: "Ke, yaji ya ƙare. Tambayi Baban Ummi ko da sauran kunun."