Ranar da Na-Ikko Ya Tallata Katifa

Duk wanda ya ce Gombe ba ta haifi gwani ba, to bai san Rufa'i Na-Ikko ba. 'Yan watanni ya yi a wani kamfanin talla a Ikko, ya dawo da baƙin tabarau da takalmi mai tudu, wanda ya ƙara masa tsawo da ilmi a lokaci guda. Mahassada na cewa gwangwanin fenti kawai yake riƙe wa masu zanen allo a can. Mahassada dai ba su da aikin yi.

Lokacin kuɗin fetur ya zubo, kowa na neman abin saye. Alhaji Jalo, babban ɗan kasuwa, ya cika sito da katifun soso, ya ce duk wanda ya tallata su suka ƙare, shi zai riƙe tallan kayansa gaba ɗaya, daga keke har rediyo. Wannan kujera Na-Ikko ya ƙwallafa wa rai.

Ya je gaban Alhaji, ya gyara tabarau.

"Alhaji, ganga da maroƙi aikin ƙauye ne. Tallan zamani ba ya surutu. Shiru za mu yi, Gombe ta biyo mu da ƙafarta."

Ga dabarar: a ɗora katifa kan allon katako, ƙarti huɗu su saɓa a kafaɗa su zaga gari, mutum na kwance a kai yana nuna daɗin barci. Aka nemi mai kwanciya. Na-Ikko ya duba fuskokin Gombe kaf, bai ga wadda ta cancanta ba sai tasa. Ya sa aka kawo farin zanen gado, wai a Ikko fari ne alamar wayewa. Ya ja wa ƙartin kunne, ko wa ya tambaye su kada su ce uffan.

Suka taso daga unguwar Kumbiya-Kumbiya. Rana ta dami gwanin, ya ja zanen ya rufe har fuska.

Mutanen Gombe kuwa sun san abin da ake yi idan an ga mutum a kafaɗu cikin farin ƙyalle. Tela ya bar ɗinki, mahauci ya ajiye wuƙa, masu kekuna suka sauka suna salati. Aka yi ta tambayar wa ya rasu. Ƙartin suka yi gum, aka ce bayin Allah, baƙin ciki ya hana su magana. Masu neman lada suka dinga karɓar kafaɗa, har ƙartin suka tsinci kansu can baya, ragamar tafiya ta koma hannun jama'a.

Na-Ikko na jin takun ƙafafu ta ko'ina, ransa fari ƙal. Da ya ji an tsaya an sauke shi, ya ce lokaci ya yi. Ya yaye zane, ya tashi zaune, ya ware hannuwa.

"Jama'ar Gombe! Kun ga irin barcin da ake yi a kan katifar Alhaji Jalo!"

Sai da ya rufe baki ya lura a ƙofar maƙabarta yake, kuma babu kowa a gabansa sai takalma da huluna.

Kafin magariba gari ya raɗa wa hajar suna katifar mamaci. Babu uwar da ta yarda a sa ta cikin kayan ɗakin 'yarta. Alhaji Jalo bai yi faɗa ba. Ya aika wa Na-Ikko da katifar da ya kwanta a kai, ya ce ita ce sallamarsa, kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar sito.

Na-Ikko bai karaya ba.

"A tarihin talla a ƙasar nan, ba a taɓa tara jama'a irin haka ba," in ji shi. Wannan kam gaskiyarsa ce.

Matarsa Barira ta tare ƙofa ta ce, "Wallahi ba a ɗakina ba!" Ya tsaya a tsakar gida ya yi mata doguwar lacca kan camfi da duhun kai, sannan ya jingine katifar a zaure. Tana nan jingine. Shi ma gwanin, tabarma yake shimfiɗawa.