Ƙyallen Gwaji

"Lafiya lau, sannu da zuwa, ya mutan gi... Au, kai ne? Na ɗauka mutum ne, ashe na yi asarar gaisuwata."

"Adana ta, uwargida, kya ba wani," na ce. "Ɗauko mayafinki, mai mota na jira."

Kakata ce, wadda ta haifi babana. Tana zaune a shagonta na ɗinki, tsakanin teburin yanka da tsohon kekenta na takawa, ta ɗora ƙafar dama a kan ƙunshin yadi. Dunduniyar ce ta hana ta sakat. Da safe in ta sauko daga gado, takun farko sai ta ce kamar ta taka ƙusa. Likita ya ce jijiyar tafin ƙafar ce ta kumbura, ya tura ta a riƙa haska wurin da na'urar leza. An sa mata rana ta ƙi zuwa, an sake sawa ta ce tana da ɗinkin gaggawa. Shi ne Baba ya rantse, in yau ma ta ƙi, zai sa wa shagon kwaɗo ya kwashe ta zuwa gidansa ta zauna ta huta. Ni kuwa na san in aka raba Kaka da shagon nan, ba hutu aka ba ta ba.

"Ubanka ne ya turo ka?"

"Ni na turo kaina. Wane miji ne zai bar matarsa tana ɗingishi a titi? Kina zubar min da mutunci a unguwa."

"Miji! Mijin da ko zare bai taɓa sayo min ba. Dube shi, dogo kamar sandar awon yadi, in iska ta taso sai an sa masa dutse a aljihu."

"Duk da haka kika ƙi kowa kika zaɓe ni."

"Ni ban zaɓe ka ba. Miƙo min kai aka yi cikin tawul kana tsala ihu, na nemi inda ake mayarwa aka ce babu."

Na ja kujera na zauna. In Kaka ta yawaita tsiya haka, akwai abin da take ɓoyewa, sai an jira. Ta yi ta murza bakin wani siket, can ta rage murya.

"Kai, ka san leza kuwa? Ni na san ta. Na gan ta da idona a babban kamfanin ɗinki, ran da na kai yadi a fitar min da fure. Ɗan jan haske ne, ba almakashi ba reza, yana bin yadi yana cinye shi, ƙauri na tashi. Shi za a ɗora min a ƙafa?"

"Wannan daban ce, Kaka. Ta asibiti ba ta yanka."

"Ka taɓa gwadawa?"

"A'a."

"To ka gani." Ta buga teburin da yatsa. "Zan je, amma da sharaɗi. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa ɗora dutsen guga a kan kayan mutane ba sai na gwada a ƙyalle. Sabuwar allura ma sai ta bi ta kan ƙyalle. Ƙafata kuma ba za ta zama ta farko ba."

"Ina za mu samo ƙyallen ƙafa?"

Ta kalle ni tun daga kai, idonta ya sauka ya tsaya a kan takalmina.

"Ga su nan har biyu, ba aikin da suke yi sai yawo."

Ɗakin da aka shigar da mu a asibitin ƙarami ne. Gado ɗaya mai shimfiɗar takarda, kujera a jikin bango, sai na'urar a kan ɗan tebur mai taya, da wani abu kamar tocila a ƙarshen wayarta. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta gaishe mu da fara'a, ta nuna wa Kaka gadon. Kaka ta nufi kujerar ta zauna daram.

"'Yata, kafin ki taɓa ni, ga ƙyalle na zo miki da shi."

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har da riƙe baki.

"Mama, ba ma haska mai lafiya. Amma ba ta cutarwa, zan ɗan ɗora masa ki gani da idonki. Ɗumi kawai zai ji."

Na cire takalmi. Na manta shaf da halin da safata ke ciki. Dunduniyata ta leƙo ta wani rami mai faɗin bakin kofi.

"Innalillahi! Jikan mai ɗinki ke nan! 'Yata, ba sai ya cire safa ba, ya riga ya buɗe miki taga."

"Ki gani fa, likita. Haka matata take kula da ni."

"Matarka ta gaji. Ina ɗinke maka wando tun kana rarrafe, kana fasa gwiwa ina rufewa. Har yanzu ban huta ba?"

Na tuɓe safar, ta fisge ta ɗora a cinya. Ma'aikaciyar ta miƙo mana baƙin tabarau, ta ce hasken ba ya son ido. Kaka ta maƙala nata a kan ɗankwali har ya karkace.

"Kin fito sak mai walda," na ce.

"Kai kuma ƙuda."

Na hau gadon na miƙe ƙafa. Na'urar ta yi ɗan ƙara, jan haske ya faɗo kan takardar, ɗigo guda, kusa da diddigena. Ma'aikaciyar ta fara matso da shi.

Ban ga tashin Kaka ba. Na dai ji kujera ta bugi bango. Kakar nan da ke dafa ƙofa kafin ta yi taku ɗaya, sai ga ta ta ratso ɗakin a kan wannan dunduniyar, ta rufe tawa da tafukanta biyu.

"Tsaya! Tsaya, 'yata!"

Ma'aikaciyar ta kashe na'urar.

"Kaka, ƙyallen ne fa."

"Rufe min baki." Ina jin kantar yatsunta a fatata. "Wa ya ce maka a sabon yadi ake gwaji? A tsohon ƙyalle ake yi, wanda ya gama aikinsa. Ruɗewa na yi." Ta ƙara matsewa. "Ƙafar nan ni na fara sa mata takalmi. Sauka."

Na sauka. Na kama ta ta hau, ta kishingiɗa, ta miƙe ƙafar dama kamar wadda za ta ba da ita sadaka. Ta damƙi hannuna.

"In ka ji ƙauri, ka gaya wa ubanka keken naka ne. Kada ya sayar."

"Ni almakashin nake so."

"Almakashi sai ka yi hankali, kuma ban ga alama ba."

Hasken ya sauka a dunduniyarta. Ta runtse ido a bayan tabarau, ta riƙe numfashi, faratanta suka shige min hannu. Ma'aikaciyar na zagayawa da shi a hankali.

"'Yata, yaushe za ki fara?"

"Ai na fara tun ɗazu, Mama."

Kaka ta buɗe ido ɗaya.

"Wannan ɗan ɗumin? Dutsen gugana in an ɗauke wuta ya fi shi zafi!"

"Shi ke nan aikin. Amma ba rana ɗaya ba ce, za ki yi ta dawowa. Da safe kafin ki taka ƙasa ki sa tawul ki ja yatsun ƙafar, ki nemi takalmi mai laushi, keken kuma a rage masa."

"Ta ji," na ce.

"Wa ya tambaye ka? Miƙo min jakata."

Ta zaro allura, da zarenta a jiki, don Kaka ba ta fita ba allura. Ta cusa hannu cikin safata ta fara tufke ramin, da baƙin tabarau a fuska, jan haske na yawo a ƙafarta.

"Kina gani kuwa?"

"Da ido ake ɗinki? Yaro ke nan."

Ana kashe na'urar, Kaka na cije zaren. Sai da muka cire tabarau na ga abin da ta yi min. Ramin ya rufe tsaf, da zare ruwan hoda, irin na rigar jarirai.

"Haba uwargida! A haka zan cire takalmi cikin mutane?"

"Su san kana da mai kula da kai."

Ta sauko da ƙafar a hankali, ta taka, ta ɗan yamutsa fuska, ta sake takawa. Ciwon na nan, amma ta daina kallon na'urar kamar za ta cije ta.

"Kira ubanka ka ce ya mayar da kwaɗonsa aljihu."

"Sai kin faɗa da bakinki tukuna. Ta yanka ko ba ta yanka ba?"

"Ba ta yanka ba."

"Wa ya faɗi gaskiya?"

Ta harare ni, ta harari ma'aikaciyar da ke ƙunshe dariya, sai tata dariyar ta ƙwace mata har ta dafa kafaɗata.

"Ka ci, maigida, ka ci. Amma in ka gaya wa ubanka na ji tsoro, sai na ɗinke maka baki."

"Zan ce masa ƙyalle kika ceta."

Ta cusa min safar a hannu, ta riƙe hannun da ita ɗan lokaci.

"Ran dawowa ka zo da ɗayar. Na san ita ma tagarta a buɗe take."